Alƙalin Taliya da Gwangwanin Yajinsa

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Cheras ta birnin Kuala Lumpur ya san Zulkiflu, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa, domin ita ke riga shi shiga lif. Ni Datti, mai sayar da turare a titin Jalan Masjid India, shekara huɗu ke nan ƙofata na kallon tasa a hawa na sha ɗaya. Abokina ne kuma ina sonsa, amma gaskiya ɗaya ce, Allah ya yi wa bawan nan baki. Aikinsa tarbo sababbin ɗalibai daga filin jirgi, ya nema musu ɗaki, ya aika wa mutane kaya Kano. In ka tambaye shi kuwa, sai ya gyara hula ya ce shi masanin abinci ne na ƙasa da ƙasa. Hujjarsa ita ce wata uku da ya taɓa yi yana soya indomi a teburin shayin kawunsa a Ƙofar Ruwa.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. A aljihunsa na dama akwai wani ɗan gwangwanin alewa da ya koɗe, cike da yajin mahaifiyarsa da ake aiko masa daga gida. Duk abin da aka ajiye masa, kafin ya kai baki sai ya buɗe gwangwanin ya barbaɗa. Ba ya ɗanɗanawa ya ji ko da buƙata, hannun ne ke tafiya da kansa. Da idona na taɓa ganin ya barbaɗa wa kankana.

Ana nan sai surukarsa, Hajiya Bintu, ta sauka daga Kano. Matarsa Walida na da ciki wata shida, na fari. Hajiya kuwa ba ƙaramar mace ba ce a Gwale: shekara talatin tana dakan yajin sayarwa, ba amarya ko mai jego a unguwar da za ta tare ko ta yi suna ba tare da kwalbarta ba. Ta zo da bokitin roba guda cike da shi, ta kuma zo da magana. Ta ce nan da mako uku za ta koma da 'yarta gida goyon ciki, kuma ba dawowa sai bayan arba'in, shi ma sai ta ga hali.

Ranar Zulkiflu ya fito nemana. Ya same ni a baranda ya ce shi so yake ya ji kukan farko na ɗansa da kunnensa, ya yi masa huɗuba da bakinsa, kuma gidan nan in babu Walida kango ne. Ya ba ni tausayi ƙwarai. Tunda suruki ba ya ja-in-ja da suruka, ni ya tura in roƙa masa. Hajiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita tun zuwanta surutu kawai take ji. In ta ga yaron nan mutum ne mai natsuwa wanda jama'a ke jin maganarsa, to za ta duba.

Na kawo masa saƙo, na ƙara da shawara: ya riƙa kai matarsa awo a kan lokaci, ya sayo kayan marmari, ya rage magana. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da motarsa. Ya ce wannan tunanin ƙananan mutane ne, ai Hajiya cewa ta yi wanda jama'a ke jin maganarsa, to jama'a zai tara mata.

Dama kuwa ta faɗo masa. A bakin tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu an buɗe shagunan ramen guda biyu suna kallon juna. Ramen ɗin nan taliyar Japan ce a cikin romon kaza, da rabin ƙwai da yankan nama a kai, kuma duka shagunan na da tambarin halal a ƙofa. Ɗaya na wani dattijon Basine ne Musulmi da ake kira Uncle Tan, ɗayan na wata Bamalayiya ce, Kak Ros, wadda aka ce ta yi shekaru a Japan tana koyon girkin. Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa na son yi wa ɗaliban da suka gama karatu walima a ɗaya daga ciki, sai musu ya ɓarke a zauren WhatsApp, kwana huɗu ana abu ɗaya, har wasu suka fara tono tsofaffin laifuffukan juna. Shugabanmu Alhaji Sharfaddeen ya gaji, ya rubuta cewa wani ya je ya ci duka biyun ya zo ya faɗa mana ranar Lahadi. Kafin ya ajiye waya Zulkiflu ya turo saƙon murya na minti tara yana karɓar aikin.

Ranar Alhamis bayan azahar ya ƙwanƙwasa min ƙofa sanye da farar shadda ɗinkin sallah, da littafin rubutu da biro uku. Ya ce in zo in zama shaida, domin kowane alƙali da shaidarsa. Muka fara da shagon Uncle Tan.

A bakin ƙofa akwai na'ura mai hotuna, ka danna abin da kake so ta ba ka 'yar takarda. Na ce mu tambaya, ya ce mutumin da ya san taliya ba ya tambaya. Ya yi ta danne-danne, layi na tsawo a bayanmu, wata tsohuwa na huci a ƙeyarsa. Da muka miƙa takardun aka kawo mana dafaffen ƙwai uku da lemon kwalba ɗaya, babu taliya ko sili. Ya ce da gangan ya yi, gwada gaskiyar na'urar yake. Muka koma ƙarshen layi.

Da kwanon ya iso, sai ya fara aikin alƙalanci. Ya tsamo wani baƙin ganyen teku da suke jinginawa a gefen kwano, ya ɗaga shi sama ya ce a duba, sun manta da leda a cikin abinci. Na ce masa ci ake yi. Ya ce ya sani, ni yake gwadawa. Ya duba ƙwan ya ga gwaiduwar da saura ruwa-ruwa, ya kira Uncle Tan da kansa ya shiga koya masa yadda ake juya ƙwai a kasko, har da kwatance da hannu. Dattijon ya saurara da haƙuri, ya ce, “Boleh, boleh,” wato to, to, da harshensu, ya koma kicin bai canza komai ba. Tsinkaye biyu da suke bayarwa maimakon cokali kuwa sun yi kokawa da Zulkiflu har ɗaya ya yi tsalle ya faɗa cikin shayin wani ɗan sanda da ke teburin kusa. Na je na ba da haƙuri, na roƙo masa cokali mai yatsu.

Sai hannu ya tafi aljihu. Ya buga gwangwanin da ɗan yatsa don ya barbaɗa, murfin ya fita gaba ɗaya, yajin ya zube ɗungurungum a cikin kwano. Romon da yake fari ya koma ja kamar jar ƙasa. Na ce a sake sayen wani. Ya ce haka masana ke yi, sai an matsa wa romo sannan yake faɗin gaskiyarsa. Ya kuma ji an ce a Japan zuƙar taliya da ƙara girmamawa ce ga mai girki, don haka ya duƙa ya ja wata zuƙa da ta sa duk shagon ya waiwayo. Jelar taliyar ta yi bulala, ta zana masa jan layi daga wuyan riga har aljihu.

Ya cinye tas, hawaye na zuba, hanci na zuba, yana lumshe ido. Ya ce, “Datti, wannan ita ce taliya. Wallahi kamar ina zaune a tsakar gidanmu.” Na ce ai dole, tunda yajin gidanku ka ci gwangwani guda. Ya ce hassada ce ke damuna, ya rubuta goma bisa goma ya ja layi biyu a ƙasa.

To a nan ne ƙaddara ta shigo, kuma ni ma sai daga baya na ji yadda aka yi. Da ya koma gida ya miƙa wa Walida gwangwanin ya ce ta cika masa. Ashe yajin mahaifiyarsa ya ƙare tun makon jiya, na gwangwanin nan shi ne na ƙarshe. Walida ba ta ga abin damuwa ba, ga bokiti guda a kicin, ta ɗebo na uwarta ta cika ta mayar masa aljihu. Yajin da ya sha ranar kuma ya ƙona masa baki, daga shayi sai shayi har Asabar, gwangwanin bai buɗu ba. Shi kuwa bai taɓa sanin ɗanɗanon yajin Hajiya ba. Kunyar surukuta ta hana shi cin abinci a gabanta, a ɗaki ake kai masa, a can yake barbaɗa nasa. Amma kullum in ya durƙusa gaisuwa sai ya ce, “Hajiya, yajin nan naki babu na biyunsa a duniya,” ita kuma ta ce madalla.

Yajin Hajiya ba irin na mahaifiyarsa ba ne. Na mahaifiyarsa barkono ne da ƙuli da ɗan gishiri. Na Hajiya kuwa yajin masu jego ne na asali, baƙi-baƙi, ya sha daddawa da kimba da masoro da kanumfari, ana ɗiban sa ne da bakin cokali, a kan ɗanwake ko farfesu ya fi kyau.

Ranar Asabar muka shiga shagon Kak Ros. Nan tsarin daban ne. Kowa da ɗan akurkinsa, katako a dama katako a hagu, ƙaramin labule a gabanka, ta ƙarƙashinsa hannu ke turo maka kwano ba ka ga mai shi ba. Akwai ɗan famfon ruwan sha a gefe, akwai kuma maɓallin ƙararrawa, wanda in ka danna ake ƙaro maka taliya a kan romon da ya rage. An rubuta duk wannan a bango da harshe uku. Zulkiflu ya ce shi ba karatu ya zo yi ba.

Na leƙo ta gefen katako na ga ya ciro gwangwani. Na ce, don Allah yau ɗaya ka ɗanɗana tukuna. Ya ce alƙali ba ya son kai: tunda gwangwani guda ya zuba wa Uncle Tan, zalunci ne ya rage wa Kak Ros ko ƙwaya. Ya cire murfi ya juye duka. Na ga kamar yajin ya fi na shekaranjiya duhu, amma na ɗauka fitilar wurin ce.

Cokalin farko ya shiga. Sai na ji wani tari kamar na tsohon babur. Ya shiga lalube yana neman ruwa, idanunsa sun rufe, hannunsa ya faɗa kan maɓallin. Labule ya ɗaga, hannu ya turo taliya. Ya sake dannawa, aka sake turo taliya. Ya danna sau biyu a jere don a gane da gaggawa yake, aka turo faranti biyu. Ya shiga yi wa hannun magana da Hausa, yana cewa ruwa, baiwar Allah, ruwa, hannun kuwa bai iya Hausa ba. A karo na biyar ya cafke labulen ya ja, sandar ta ɓalle, ta sauko da labulen akurki huɗu. Sai ga mu muna kallon ma'aikatan kicin, su ma suna kallonmu, ga Zulkiflu a tsakiya da tulin taliya kamar mai shirin buɗe nasa shagon.

Kak Ros ta fito tana goge hannu, 'yar gajeruwa mai fara'a. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu ta murɗa ɗan famfon da ke daidai gwiwar hannunsa, ta cika kofi ta ba shi. Wannan kirkin nata ya fi komai ƙona masa rai. Ta tambaya ko a yi masa tapau, wato a ƙulle masa sauran ya tafi da shi, ya ce ko kyauta ba ya so.

Ni dai na shanye nawa kwanon har ɗigon ƙarshe, domin romon nan ya yi daɗi, na kuma gaya masa haka a hanya. Ya ce shekara goma ina shaƙar turare, hancina da harshena sun daɗe da yin ritaya. Na ce ko dai yajin ne? Ya tsaya cak a tsakiyar gadar masu tafiya, ya ce in zagi duk wanda nake so amma kar in taɓa yajin mahaifiyarsa. Muka ci gaba da tafiya. Da ya isa gida ya sake miƙa gwangwanin, Walida ta sake cikawa daga bokiti, shi kuma ya koma kan shayinsa har Lahadi.

Lahadi bayan la'asar muka taru a zauren taro da ke ƙasan benenmu. Mutum ya fi sittin, maza a dama mata a hagu, ɗalibai a baya sun ɗaga wayoyi. Zulkiflu ya yi hayar lasifika, abin da muryarsa ba ta buƙata. Ya gayyato Uncle Tan da Kak Ros su zo su ji hukunci, ita har ta taho da tukunyar romo da ƙananan kofuna don jama'a su ɗanɗana. Hajiya Bintu kuwa da kansa ya ɗauko mata kujera mai hannu ya ajiye a sahun gaba, Walida a gefenta. Ni aka sa tafinta saboda baƙin.

Ya fara da tarihin kansa, daga Ƙofar Ruwa har Kuala Lumpur, minti ashirin. Sannan ya yabi shagon Uncle Tan har dattijon ya fara jin kunya. Ya ce romon yana da zafi mai ladabi, yana da ƙamshin ƙuli-ƙuli a can ƙasa, yana tuna wa mutum gida. Da na fassara, Uncle Tan ya karkata kai ya ce shi bai san ƙuli-ƙuli ba, amma ya gode. Na saci kallon Hajiya na ga tana gyaɗa kai kaɗan-kaɗan. Wallahi a lokacin har na fara tunanin ko bawan Allahn nan zai tsallake.

Sai ya juya shafi, ya ɗaure fuska. Ya ce shi mutum ne mai tsoron Allah, ba zai ɓoye gaskiya ba. Romon shago na biyu, in ji shi, yana da wani wari kamar an jiƙa tsohon takalmi an manta da shi a bayan ɗaki. Yana da ɗaci mai kama maƙogwaro kamar jiƙon maganin shawara. Yana da ƙasa-ƙasa a haƙori kamar an share tsakar gida an juye a tukunya. Na juya wajen Kak Ros na ce, ya ce romonki yana da ƙarfi. Zulkiflu ya ji, ya ce ban da ha'inci, ya fassara da kansa cikin Turanci, har ya cire takalminsa ya ɗaga don kar ta kasa ganewa.

Ɗalibai suka fara dariya, shi kuma ya ɗauka tafi ake masa, sai ya ƙara wuta. Ya ce, “Duk hannun da ya haɗa abin da na ci jiya, ko na wace ce, ko shekara nawa ta yi tana yi, bai san aikinsa ba. A karɓe mata kayan aiki, a nema mata wata sana'ar. Ni da a ba wa matata mai ciki wannan, gara a ba ta ruwan famfo.”

Kak Ros ta yi murmushi, ta buɗe tukunya, ta shiga zuba wa mutane a kofuna. Zaure ya yi tsit sai ƙarar kurɓa. Alhaji Sharfaddeen ya sha ya lashe leɓe ya ce shi bai ji takalmi ba. Wata mata ta ce ko silifa babu. Hajiya Bintu ta shanye nata ta miƙa kofi a ƙara mata.

Zulkiflu ya ce an canza girki ne saboda an san zai tona asiri. Ya ce a zubo masa a kwano yanzu a gaban kowa. Aka zubo. Ya manta da surukarsa na zaune taku uku daga inda yake, ya manta da kunya, har mata suka fara taɓa juna. Kuma a gaban mutum sittin da wayoyi ashirin, hannun nan ya tafi aljihun dama da kansa, ya buɗe gwangwani, ya zazzaga rabi, ya juya, ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse, amma idonsa ya yi haske irin na wanda ya kama ɓarawo.

Ya ce, “Ga shi nan. Takalmin nan dai ne, ko lambarsa ba a canza ba.”

Kak Ros ta nuna gwangwanin ta tambaya mene ne wannan. Ya ce wannan ba ya cikin shari'a, yajin mahaifiyarsa ne, kuma shi ya zuba a shagon Uncle Tan ya ba da goma bisa goma. Uncle Tan ya ɗaga hannu ya ce yanzu ya gane, domin ranar mai wanke-wankensa ta yi ta atishawa har aka tashi. Alhaji Sharfaddeen ya karɓi gwangwanin ya shinshina, ya miƙa wa na kusa, aka yi ta miƙawa har ya tsallaka ɓangaren mata. Na ga Walida ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. A nan gabana ya faɗi.

Hajiya ta karɓa. Ba ta ma kai shi hanci ba, ta ɗan zuba a tafin hannu ta murza da yatsa. Ta ce, a hankali, “Daddawar Rano ce wannan. Kimbar nan ni na gasa ta. Wannan dakana ne.”

Zulkiflu ya yi dariyar yaƙe ya ce Hajiya na wasa. Walida ta ce daga cikin mayafi, “Yaya, na Innarka na ƙarshe ka juye ranar Alhamis. Na Umma nake zuba maka.”

Na sha ganin mutum ya ji kunya, amma ban taɓa ganin wanda lasifika ke hannunsa lokacin ba. Har haɗiyar yawunsa sai da zaure ya ji. Sannan dariya ta fashe, irin wadda ake riƙe ciki, wani ɗalibi ya faɗo daga kujera, Alhaji Sharfaddeen ya cire hula yana fifita da ita. Kak Ros ta ja hannun rigata in fassara mata, na kasa, hawaye nake yi.

Ya durƙusa a gaban Hajiya da lasifikar a hannu. Ya ce ai ba a fahimce shi ba, takalmi iri-iri ne, shi na fata yake nufi, mai tsada, irin na manya.

Hajiya ta ce, “Wanda aka jiƙa aka manta a bayan ɗaki.”

Ya ce ɗacin kuma ai yabo ne, duk magani mai amfani da ɗaci yake.

Ta ce, “Sharar tsakar gidan fa?”

Ya ce tsakar gidan Hajiya ai ko'ina tsaf yake.

Ta ce, “To ka faɗa min sana'ar da ka nema min, tunda za a karɓe taɓaryata. Kuma kullum da kake cewa yajina babu na biyunsa, ashe ko na farkonsa ba ka taɓa ci ba.”

Ya ajiye lasifikar a ƙasa. Hajiya ta tashi, ta yi wa Kak Ros godiya da hannu, ta kama 'yarta suka nufi lif. Aka kaɗa ƙuri'a a tsaye, Kak Ros ta cinye walimar, Uncle Tan ya ce ba komai, shi dai a gaya wa alƙali kar ya sake koya masa suyar ƙwai. Kafin magariba bidiyon ya isa Gwale.

Washegari da safe ya shigo min ido jajir. Ya ce ya ga Hajiya ta sauko da akwati daga saman kwaba, shi ke nan, ya yi wa kansa. Bai yi cika baki ba ko ɗaya, ya ce in raka shi kawai ya nemi gafara, ko ba za a bar masa Walida ba kar a tafi da fushi. Muka shiga muka durƙusa a bakin ƙofar falo. Hajiya na zaune da carbi, akwatin na buɗe a gabanta, amma na lura fitar da kaya take yi tana jerawa a kan kujera.

Ta bar mu muka gama gaisuwa, sannan ta ce ta fasa tafiya da Walida. Zulkiflu ya ɗago kai da sauri, bakinsa ya buɗe zai fara jawabi, ta ɗaga masa yatsa ɗaya.

Ta ce, “Wauta dai na gan ta jiya, mai lasisi. Amma na ga don wa aka yi ta. Yarinyar nan ta ce min ba ta taɓa jin wanda ya tara mutum sittin ya kunyata kansa don kar matarsa ta yi nisa ba. To ba zan raba ku ba. Sai dai mutumin da ke zuba yaji kafin ya ɗanɗana, in na bar masa jariri zai tsoma shi a ruwan wanka kafin ya taɓa ya ji zafinsa. Don haka ni ma na fasa tafiya. Ka je ka ga yadda za a ƙara min kwanaki a fasfo.”

Ta kuma ce tunda ya iya cin abinci a gabanta a bainar jama'a, kunya ta ƙare. Daga yau a falo zai riƙa ci tana kallo. Cokali uku na farko babu komai a kai, ya ɗanɗana ya faɗi abin da ya ji. Bayan nan ita za ta zuba masa yaji da hannunta, har sai bokitin nan ya ga ƙasa.

Walida ta haihu a nan Cheras, namiji, aka sa masa Abdurrahim. Zulkiflu ya ji kukan farko da kunnensa, ya yi huɗuba da bakinsa, ya fito barandar asibiti ya rungume ni yana kuka kamar shi aka haifa. Ɗakinsa kuwa Hajiya da mai jego suka gaje, shi yana kan doguwar kujerar falo da ƙafafunsa a waje.

Jiya na shiga karɓar caja na tarar ana cin abincin rana. Bokitin ko rabi bai yi ba. Zulkiflu na zaune a ƙasa da kwanon ramen ɗin Kak Ros da aka yo tapau, ya gama cokali ukunsa, Hajiya ta zuba masa nata. Gumi na tsattsafo masa, hawaye na bin kunci, jaririn na barci a cinyarsa.

Hajiya ta ce, “Malam alƙali, yaya takalmin yau?”

Ya share ido da bayan hannu, ya dubi ɗansa, ya tura kwanon gaba. Ya ce, “A ƙara cokali ɗaya, Hajiya.”